Tohon da ke ƙasan aure

Zuwa ga 'yata Ramla,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da duk mutanenmu na Rusairis. Ni dai ga ni nan.

Na koma jinenarmu, lambun nan na bakin kogi. An kwashe injin ban ruwa. Cikin itacen lemu arba'in, sha ɗaya ne ke da rai. Shekara talatin ina koya wa mutane noma da takardar da na samo, yau da bokiti nake jan ruwa.

Itacen yayanki Salih yana cikin masu rai. Ba ki san tarihinsa duka ba. Ranar da cibiyar Salih ta faɗi, marigayiya uwarki Aminat ta binne ta a nan, ta shuka ƙwayar larinja a kai, lemun nan mai ɗaci da ƙaya. Da itacen ya shekara biyu na datse shi daidai gwiwa, na yi masa aure da reshen burtukan, lemu mai zaƙi, yadda aka koya mana a makaranta. Wata guda uwarki ba ta yi mini magana ba. Ta ce na yanke wa ɗanta kai.

Yanzu larinjar ta yi toho daga ƙasan auren, har ya fi ni tsawo. In aka bar shi zai shanye ƙarfin saiwa, burtukan ya mutu. Na yanke shi jiya.

Ki gaida kowa.
Mahaifinki, Gado

Zuwa ga Ramla,

Ina gaishe ki, ina tambayar jikin autarki. Allah ya ƙara sauƙi.

Inda na yanke ɗaya, uku sun fito. Na san dalili, na sha rubuta shi a allo. Sanin bai amfane ni da komai ba. Ranar Laraba da hantsi na juya zan tafi, ƙaya ta kama jallabiyata ta baya, daidai inda Salih ke riƙewa yana ƙarami. Na daɗe tsaye ban waiwaya ba.

Akwai abin da ban faɗa miki ba. Lokacin da muka gudu daga yaƙi, muna kwana na tara a hanya, ba Salih ne ya ce zai koma ba. Ni na tura shi. Na ce itace mai aure ba ya jure ƙishi, ya je ya ba su ruwa ya dawo. Uwarki ta ji ni. Har ta cika ba ta tona ni ba, kuma ba ta sake kallon fuskata ba.

Mahaifinki, Gado

Ramla,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban ga amsarki ba, kuma ban ga laifinki ba.

Shekaranjiya na ɗauki zarto na sare burtukan daga wurin auren, da furensa da komai. Na shafe ciwon da laka. Maƙwabcina Ayman ya ce tsufa ya taɓa ni, wa zai sayi lemu mai ɗaci.

Tohon ukun na bar su. Kullum da safe ina kai musu bokiti biyu. Idan wani ya zo muku da labarin Salih, kowane iri ne, ki aiko mini. Ina gindin itacensa.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Gado