Mudunki Ya Cika, Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwar ɗa ga mahaifiyarsa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Haruna ne, babban ɗanki, daga Tudun Wada. Labarin nan naki ne, Inna, shi ya sa na fara da ke.

Mudunki na zakkar fid-da-kai ya tsage. Ɗan baƙin akushin nan da kike ɓoyewa a tukunyar gero, wanda duk ƙarshen azumi matan unguwarmu a Dangora ke aikowa aro. Ina ganinki har yanzu, kina cika shi, huɗu-huɗu kan kowane kai, har jaririn goye. Kullum maganarki ɗaya: "Da na Baba aka gwada shi, shi kuma da na malaminsa."

Da autanki Sabi'u ya ga tsagar, sai ya ce a jefar, yanzu zamanin sikeli ne. Da nan ya tsaya, da ban kula ba. Sai ya ƙara da cewa wa ma ya san ko mudun ya cika, wataƙila duk shekarun nan zakkarki ba ta kai ba.

Maganar nan ta tsaya mini a ƙirji. Kin san ban yi nisa a boko ba, sakandare kawai. Da dakon buhu na fara, yau masarar Doguwa nake loda wa tirela, ba wanda ya ɗaga ni sai Allah. Sikeli ba ya ba ni tsoro, da shi nake cin abinci. Amma ba za a ce ibadar uwata da giɓi in yi shiru ba.

Na naɗe mudun a ƙyalle, na sa Sabi'u a mota, sai Bebeji, wurin dattijon malamin da nake ɗaukar karatu gunsa.

Malam ya ba mu labarin Limamin Madina, wanda ƙasar nan ke bin mazhabarsa. Wani babban alƙali ya zo daga Iraƙi, suka saɓa kan girman ma'aunin zakka. Limamin bai ja dogon musu ba, ya sa mutanen gari kowa ya ɗauko na gidansu. Wannan ya ce na kakansa ne, wancan ya ce da nasu ake awo tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Aka gwada, duk suka zo ɗaya. Alƙalin ya sauka daga ra'ayinsa. Malam ya ce abin da aka san Limamin da shi ke nan cikin malaman fiƙihu: aikin da mutanen Madina suka gada hannu da hannu, ya riƙe shi hujja.

Ni da na ji haka, muryarki na ji.

Sai Malam ya shiga ɗaki ya fito da nasa mudun, wanda ya gada wurin mahaifinsa. Muka ɗaure tsagar naki da zare. Ni na cika naki da gero, ni na juye a nasa.

Ya cika, Inna. Har 'yan ƙwayoyi suka zubo kan buzun Malam.

Sabi'u ya cire hula ya daɗe yana sosa kai. Kada ki yi fushi da shi, a hanya shi ya fara hawaye. Shi ne ma ya nemo masassaƙi a Yako, aka sassaƙa sababbi, aka gwada kowanne da naki. Tsohon yana wurina, ba mai taɓa shi.

Ana jibi Salla, aminiyarki Goggo Dije ta aiko daga ruga a ba ta aron mudun Inna. Na aika mata sabo, na ce a gaya mata da naki aka gwada shi.

Allah Ya karɓi kowane mudu da kika auna, Ya cika miki mizani kamar yadda kika cika wa mabuƙata. Allah Ya haɗa mu a Aljanna.

Ɗanki mai alfahari da ke,
Haruna