Akwatin Takardun Jana'iza

Jihar Jojiya, 14 ga Yuli

Mamana,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwar taki? Ina fatan kina shan magani, ba ajiye shi kike a bayan gwangwanin sukari ba.

An turo mu malamai horon mako biyu kan koyar da tarihin baƙar fata. Na tafi da girman kai, wai ni baƙa, me za a koya mini? Malama Pettiford, tsohuwar da ke horar da mu, ta tambaye ni me nake yi idan yaro ya yi tambaya mai zafi. Shekara tara ina koyarwa, kowace Fabrairu, watan tarihin baƙar fata, hotuna kawai nake liƙawa a bango, in wuce da sauri. Tsoro nake ji, Mama, yau na faɗa.

Ta sa muna gwaji, wata ta zama uwa mai fushi, wata ɗaliba, har bakina ya saba. Ta ce mu fara da sunayen mutanen gida. Don Allah ki aiko mini akwatin takalmin nan da kike tara takardun jana'izar dangi, masu ɗauke da tarihin mamatan.

Taki,
Lavonne

9 ga Oktoba

Mamana,

Ina gaishe ki, ke da gwiwarki. Akwati ya iso, kin kuwa iya ɓoyo! A takardar Kaka Ozell na karanta cewa a 1965 ya riƙo hannun 'yarsa Verlene zuwa makarantar fararen fata, aka kore su daga bakin ƙofa. Ke ce fa, Mama. Kuma a makarantar nan nake koyarwa, ba ki taɓa gaya mini ba. Na yi kuka, na kuma ji haushinki kaɗan.

Jiya na karanta wa ajina takardar. Wata farar yarinya ta tambaya ko kakanta na cikin masu korar. Da bara ne, da na sauya magana. Na ce mata, "Ban sani ba. Ke ba ki kori kowa ba, amma yanzu kin sani, kuma sanin nan naki ne."

Yara na so su ji daga bakinki, ran Juma'a ta sama. Kada ki kawo mini zancen gwiwa, matakala uku ce kawai. Ki sa hular cocin nan mai ruwan toka. Ni zan riƙe hannunki, kuma ta ƙofar gaba za mu shiga.

'Yarki mai jiranki,
Lavonne