Hitar Baba da Hulunansa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Rabi da yara? Mu nan Rikkos lafiya, sai sanyi.

Hitar ɗumama ɗaki da ka aiko wa Baba saboda tarinsa ta gajiyar da ni. Da an kunna ta, sai wutar gidan duka ta ɗauke. Na canza soket, mai gyara ya duba hitar ya ce lafiyarta ƙalau. Jiya na tarar Baba ya wanke hulunansa ya kifa su a kanta, ruwa na ɗiga ciki. Da na yi magana ya ce, "To, ina rana a garin nan?"

Na ɓoye hitar, tarinsa kuma ya dawo. Ka kira shi, maganarka yake ji. A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza