Jerin Waɗanda Ba a Sani Ba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki riƙa tuna mata da magani, kin san halinta.

Har yanzu babu labarin Autanmu. Tun da ruwa ya tafi da gadar nan da motar da yake ciki, aka turo ni ofishin agaji da kwamfutata, aka ba ni tebur kusa da tagar da iyalai suke layi. Kin sha tsokanata wai shekara shida ina hira da na'ura. To, aikin ke nan: in ba ta bayanai da ƙa'idoji, ita ta ciro hukunci. Shirin kwamfutar da na tarar a nan, duk abin da ya kasa tabbatarwa sai ya ɗauka babu shi. Wanda ba a ga shaidar yana raye ba, sai ya jefa shi cikin matattu. Kwana uku ina gyara kafin ya koyi amsa ta uku, wato "ba a sani ba". Sunaye arba'in da ɗaya suka koma can, har da na Auta.

Ina ci, ina barci. Ba na jin komai.

Ƙanwarki,
'Yar Lissafi

Yaya,

Ina gaishe ku duka, da fatan kun tashi lafiya.

An sami mutum shida daga jerin nan a asibitoci, don ba a daina nemansu ba. Shugabanmu ya ce sauran ofisoshi ma za su karɓi gyaran. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta taga tana sa mini albarka, ni kuwa zobenta kawai nake kallo.

Jiya da hantsi likita ya aiko da bayanan gawa huɗu. Na fara shigar da ta farko kamar kullum: tsawo, shekaru, gutsurarren haƙorin gaba, tsohuwar karaya a hannun hagu. Kin tuna ranar da ya faɗo daga katangarmu. Shirin ya cire Auta daga jerin. Na bi matakan hukuncin ɗaya bayan ɗaya, har sau biyar, ina neman kuskurena. Babu. Na je na duba da idona. Shi ne, Yaya. Allah ya jiƙansa.

Na dawo na ƙarasa sauran ukun, don iyalansu suna tsaye a taga.

Jibi zan taho da shi. Ki faɗa wa Inna kafin mu iso, ni bakina ba zai iya ba. Ki zaunar da ita tukuna, kada ta ji a tsaye.

Taki har kullum,
'Yar Lissafi