Ya Ce Mini Sarbeti Ne

Assalamu alaikum jama'ar gurup. Don Allah ku ba ni shawara. Admin ya sakaya sunana. Ban yi lakkwal ba, wato makarantar boko, murya na aika, shi ya rubuta.

Aminina ya kira sunana a lasifika ranar kasuwa, ya shaida wa gari ni ke ɗinka ƙunzugun ƴan mata. Abin da ya faru ke nan.

Ni tela ne a wani ƙauye na ƙasar Bouza. Na yi Abidjan, na yi Libiya, an ɗaure ni can, na dawo da raina da keken ɗinki. Wannan aminin tare aka yi mana kaciya. Shi ya yi karatu, yanzu yana aiki da wani porje, ƙungiya mai taimakon yaran kolej. Bara ya zo rumfata da yadi mai laushi da samfuri, ya ce sarbeti za a ɗinka. Ni sarbetin da na sani tun Abidjan na goge jiki ne. Na ce wannan ɗan mitsitsi mai fukafukai da maɓalli me zai goge, ya yi dariya ya ce kai dai ɗinka, kayan nasara ne. Na yi ta ɗinki a bakin hanya, har zufa nake sharewa da shi gaban mutane.

Matata ta gano ƙunzugu ne, ranar da ɗiyarmu ta dawo da su cikin jaka, an raba musu a lakkwal. Na samu aminin na ce yaudarata ya yi. Ya ce da ya faɗi gaskiya da ban karɓa ba. Haka ne, da ban karɓa ba. Na so in bari, sai uwar yarinyar ta ce mini kwanakin da ɗiyar takan yi kwance duk wata ba ciwon ciki ba ne kamar yadda ake ce mini, tsoro ne kada tsumma ya ba ta kunya cikin aji. Tun da ta samu abin nan ba ta sake fashi ba. Na maida keke cikin gida na ci gaba, bisa sharaɗin kada kowa ya ji. Aminin ya rantse, ya ce ko matarsa ba za ta sani ba.

Sai ga baƙi daga Tahoua da motoci, aka kafa rumfa bakin kasuwa. Aminin nawa ya karɓi lasifika ya ce ga namiji ɗaya da kansa ya waye, a tafa mishi. Ya faɗi sunana da na ubana. Ina tsaye wajen masu albasa, kowa ya juyo.

Daga ranar sunana tela mai sarbeti. A majalisa wani ya tambaye ni ko ni ma ina fashin salla. Maza sun kwashe shaddojinsu. Wani dattijo ya ce keken da ya taɓa abin nan ba zai ɗinka mishi rigar masallaci ba, alhali sabon yadi ne fil. Wannan duk na shanye, na ga abin da ya fi shi. Amma samarin ajin ɗiyata sun sa mata ƴar mai ƙunzugu, suna ce mata ta kawo musu nasu. Ta daina zuwa lakkwal. Uwarta ta yi lallashi, yarinyar ta ce gara ta mutu.

Na je gidan aminin. Ya ce ɗaukaka ni ya yi, manyansa na son namijin da za a nuna, wai kunya ce ke kashe mu. Na ce kunyar tawa ce, ba tashi ba ce da zai yi kyauta da ita. Ban taɓa shi ba, na fito.

Yanzu ya aiko sabon yadi, wai na ƴan matan wajen Karofane da Tabotaki, don ba telan da zai karɓa bayan abin da aka ga an yi mini. Mata kuma suna biyo matata ta bayan gida suna tambayar na ɗiyansu. In na ci gaba, tsokana ba za ta mutu ba, tawa ɗiyar ba za ta koma aji ba. In na bari, ɗiyan wasu su koma tsumma, su da ba su yi mini kome ba.

To jama'a, in ɗinka ko in maida mishi kayansa? Masu ɗiya mata ku amsa mini, ban son wa'azi.

Ina gida. Yadin na ƙarƙashin gado, ban kwance ƙullin ba. Ɗiyata na tsakar gida tana surfe, ƴan ajinsu sun wuce tun da safe.