Shafin Da Ban Manne Ba

Laraba, 4 ga Maris

Ƙirji ya ɗan yi sauƙi, gwiwa ce ta ƙi. Na sauko daga bene da dabara, na tafi kantin littattafai saboda aiken jikana. Aboki nake ce masa, shi kuma ya ce mini Tsoho. Shekararsa tara. Duk Asabar uwarsa, autata, takan ajiye shi a ƙasan bene ta wuce wurin aiki. In ka cire shi, babu mai hawowa wurina sai mai duba mitar wuta.

Littafin zane yake so, na jarumin nan mai takalman ƙarfe da ke tsallake gidaje. Na ƙananan yara ya gama da su, wai na jarirai ne. Sabon da ya fito akwai jar da'ira a bangonsa, an rubuta 15 a ciki, mai kanti ya ƙi sayar masa. Shi ya sa ya aiko ni.

Mai kanti ya ce, "Baba, na wane ne?" Na ce nawa ne, ko ban kai sha biyar ɗin ba? Ya yi dariya, amma bai saki littafin nan da nan ba.

A zamaninmu ba a yanka wa littafi shekaru. Abin da hannunka ya kai, shi za ka karanta. Ga mu nan, ba mu haukace ba.

Alhamis, 5 ga Maris

Na duba shi da gilashin ƙara girma. Akwai ɓarna a ciki, ban musa ba: ana sara, ana fasa kai. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, ban wahalar da idona ba. Ja kawai na bi ina nema. Duk inda na ga jini sai in shafa gam siriri a gefen takarda, in haɗa shafin da ɗan'uwansa, in danne da ƙamus. Aikin da na ci abinci da shi ke nan a maɗaba'a, ɗinki da manni. Hannu bai manta ba. Ko kumburi babu a takardar.

Na ji daɗin kaina yau, abin da na daɗe ban ji ba.

Asabar, 7 ga Maris

Ya zo da gudu, ko takalmi bai cire ba. Ya kwanta rub da ciki a tsakar ɗaki, ƙafafu a sama.

"Tsoho, takardar nan ta yi kauri."

Na ce maɗaba'un yanzu ba su iya aiki ba. Ya harare ni ta gefen ido, ya ce, "Kai dai Tsoho akwai wayo."

Can wajen ƙarshe sai na ji shiru. Ƙafafun sun sauka. Ya rufe littafin ya tura ƙarƙashin tebur. Ina gyangyaɗi a kujerata sai ya girgiza mini gwiwa, wai in daina rufe ido. Ya kuma tambaye ni ko ina sa sakata in zan kwanta. Na ce ina sawa mana, ko so kake a sace maka ni?

Bai yi dariya ba. Biskit ɗinsa ma ya bari, da littafin.

Litinin, 9 ga Maris

Tari. Ban fita ba.

Asabar, 14 ga Maris

Bai zo ba. Auta ta bugo waya, wai mura yake yi. Muryarta a gajarce.

Talata, 17 ga Maris

Auta ta zo da kayan aiki a jikinta, ta ƙi zama. Ashe ba mura ba ce. Ranar Asabar ta kawo shi har ƙasan bene, ya rungume ƙarfen matakala ya ce shi ba zai hau ba. Yana farkawa da kuka. Ya koma jiƙa shimfiɗa, yaron da ya bar wannan tun yana ɗan mitsitsi. Malamarsu ma ta kira ta, wai zaune kawai yake a aji.

"Baba, me ka ba shi ya karanta?"

Na ɗauko na nuna mata mannin da na yi, shafi bayan shafi. Ko kallon aikin ba ta yi ba. Ta ɗora yatsa a kan da'irar.

"Wannan lambar ba ado ba ce, Baba."

Na fara cewa a zamaninmu, ta katse ni. "Don Allah ka bar zancen zamaninku. Ɗana ba ya barci." Ba ta taɓa katse ni ba. Ta tsugunna ta ce in yi haƙuri, ta duba kwalbar maganina, ta tafi.

Raina ya ɓaci. Wane ɗan zamani ne zai koya mini abin da ya dace da jikana?

Laraba, 18 ga Maris

Na karanta littafin duka, har rubutun. Ya cinye mini yini, idona na ruwa.

Jarumin maraya ne. Wani tsoho mai gyaran takalma ne ya raine shi, shi ya ƙera masa takalman. Jarumin ya tafi yaƙi ya daɗe, yana ta cewa gobe zai leƙa tsohon. Da ya dawo ya hau bene, ya ƙwanƙwasa, ya kira, shiru. Ya ɓalle sakata. Shafi guda cur: tsohon a kujera, kai ya langaɓe, kofin shayi a gefensa ya bushe, silifa ɗaya ta fice daga ƙafa. Duk toka-toka aka zana shi. Ko ɗigon ja babu.

Na wuce shafin nan ranar Alhamis. Na zaci barci yake yi.

Kujerar tasa mai hannu ce, irin tawa.

Juma'a, 20 ga Maris

Ban ci komai ba sai shayi. Kofin ma na wanke shi nan take.

Asabar, 21 ga Maris

Auta ta haɗa mu a waya. Aboki ne ya fara magana.

"Tsoho, kai ne?"

Na ce to wa, aljanin bene?

"Yi tari in ji."

Na yi. Ban sha wahalar nemo shi ba. Na ce masa ƙwarin da nake da shi ya fi na jaruminsa, in ya zo ma kokawa za mu yi, in kayar da shi gaban uwarsa. Ya ce, "Shi ma tsohon haka ya ce." Daga nan ya miƙa wa uwarsa wayar.

Ta ce za ta gwada kawo shi mako mai zuwa, amma ba za ta tilasta masa ba. Na ce kada ta tilasta.

Laraba, 25 ga Maris

Na koma kanti. Na tambayi mai kanti su wa ke sa lambobin nan. Ya ce wasu ne ke zama su duba littafi kafin a fitar da shi kasuwa. Na ce har rubutun suke karantawa? Ya ce ai dole.

Na ɗauki wani mai koriyar da'ira, na 'yan shekara takwas. Ba wai na yarda da su ba ne, shi ne dai ya fi kusa da hannuna. Na tsaya a wurin na karanta shi daga bango zuwa bango, mai kanti ya kawo mini benci. Jarumin ciki kyanwa yake cetowa daga kan bishiya. Aboki zai ce na jarirai ne. In ya so ya ce ɗin.

Hawan bene ya ba ni wuya, na huta a hanya.

Asabar, 28 ga Maris

Na yi aski da sassafe, na sa farar riga. Na buɗe ƙofa wangale, na kunna rediyo da ƙarfi don a ji motsi tun daga ƙasa. Maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Baba, lafiya? Biki ake yi?" Na ce iska nake sha.

A tsaye na yini bakin taga, yadda duk wanda ya shawo kwanar titi zai hango ni a kan ƙafafuna. In gwiwa ta gaji sai in jingina da bango. Na ɗaga wa wani yaro hannu, ashe ɗan mai wanki ne.

Wajen la'asar ƙafa ta kumbura, na zauna a bakin gado. Wayar ba ta yi ƙara ba, ni ma ban buga ba.

Bai zo ba. Ƙofar dai na bar ta a buɗe.