Ƙwayar safe da kunun Mama

Laraba da dare, Kafanchan

Sanyin nan ya dawo. Yau a zumuntar mata a coci kowa na fifita, ni kuwa ina lulluɓe da zane, har na yi gyangyaɗi ana tsakiyar waƙa. Haka nake kafin likita ya ce tayirod ɗina, wani ƙullutu da ke cikin wuya, ba ya aiki sosai, ya ɗora ni a kan ƙwayar kowace safiya.

Hankalina bai kwanta da mai kemis ɗin bakin tasha ba. Kwalin da ya ba ni wannan karon ba irin na da ba ne. Da na tambaya sai ya kau da kai ya ce, "Madam, kamfani ne kawai aka canza." Na kai wa nas. Ta jujjuya kwalin, ba ta ce jabu ne ba, sai ta tambaye ni da me nake haɗiye ƙwayar.

Tun da Mama, uwar maigidana, ta zo daga Manchok, da sassafe take dama mini kunun waken suya, wai in sami ƙarfi. Da shi nake kora ƙwayar. Nas ta ce waken yana hana maganin shiga jiki, da ruwa zalla ake sha, a ɗan jira kafin a karya.

Ni dai har yanzu ban wanke mai kemis ɗin nan ba. Idan sanyin bai tafi ba, ni da shi ne. Amma ga Mama can a kicin tana jiƙa waken gobe tana 'yar waƙarta, ban kuwa san ta inda zan fara gaya mata maganar nas ba.